Agogon Mai

A Ƙofar Ƙwaya, bayan masu facin taya,
nan rumfata take. Wayarin mota nake yi.
Ran Laraba Alhaji Mannir ya turo Marsandinsa,
turowa fa, da hannu, shi da jikoki biyu.
Allura na rantsuwa tanki rabi ne,
tanki kuwa ko ƙuda ba zai jiƙa ƙafa ba.

Na buɗe aljihun gaba ina laluben fis,
sai ga littafin motar, baƙin mai ya ci gefensa.
Jamusanci zalla. Kalmomi kamar tireloli
a hanyar Jibiya, kowace riƙe da wutsiyar 'yar'uwarta.
A bangon baya, da fensir, mai ita na farko
ya bar wasiyya: Benzinuhr kaputt.

Alhaji ya sa tabarau. Shekara uku ya yi can
yana koyon cikin tarakta, tun ban zo duniya ba.
Ya yi dariya har da tari.
Ya ce, ashe da ciwonta ta hau jirgin ruwa!
Ya ce, kawo kalmar nan, a ɓare ta kamar goro.

Ɓarin baya, Uhr, agogo ke nan.
Su ma aro suka yi wurin Rumawa,
hora, wato sa'a.
Na ce, to ai mu ma agogon mai muke cewa,
kuma ba mu yi shawara da kowa ba.
Ya ce, duk wanda ya ga allura tana tafiya
ya san wani abu ne ke ƙarewa.

Ɓarin gaba ya fi nisan kiwo.
Wani ƙaro ne mai ƙamshi daga tsibiran gabas,
fataken Larabawa suka ce masa luban jawi.
Da ya sauka gaɓar Turai aka yanke masa lu,
an ɗauka rawani ne, ashe kansa ne.
Saura ya yi ta gangarawa baki zuwa baki,
banjawi, banjuwin, har Benzoe,
kamar kwabon da hannuwa suka shafe wa fuska.
Can wani masani ya dafa shi a kwalba,
ya tatso ruwa mai saurin fushi da wuta,
ya raɗa masa Benzin.

Na ajiye sufana.
Jawi? Jawul dai?
Wanda Goggo Tabawa ke barbaɗawa a kasko
a Rafindadi, bayan magariba,
ta kifa kwando, ta shanya zanenta a kai,
mu kuma ta kore mu kada mu sha mata hayaƙi?
Ya ce, shi.

Shekara goma sha tara ina tsotsar tiyo,
ina tofar da fetur a gindin dalbejiya,
ban san sunan turaren kakata nake tofarwa ba.

Na sauke tanki. Fulot ne ya maƙale,
tsatsa ta riƙe masa hannu a tsakiya
tun wata ƙasa, tun wani sanyi.
Na kankare, na ɗaura, na murɗa makulli.
Allura ta yi rawa, ta yi shakka,
sannan ta kwanta ƙasa warwas.
Alhaji ya ce, yauwa,
gara agogon da zai ce maka babu.

Aka aiki ƙaramin jikan wurin 'yan bumburutu.
Da galan ya iso na buɗe murfi,
na faki ido, na kai hanci,
ko zan ji ɗakin Goggo can ƙasa-ƙasa.
Ban ji ba. Fetur ne kawai, har da ɗan gaurayen kananzir.
Duk da haka na ɗan jima kafin in zuba.